An gyara mini muƙamuƙi bayan kansar baki, yaushe zan samu haƙora?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, shekaruna 54. Wata 13 ke nan da aka yi mini aikin kansar baki. An yanke ɓarin hagu na muƙamuƙina na ƙasa, aka ɗauko ƙashi daga ƙafata aka maye gurbinsa. Da na ɗan warware sai aka yi mini gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, na mako shida, wanda na gama wata goma da suka wuce. Alhamdu lillahi, duk zuwan da nake yi asibiti ana ce mini ba a ga komai ba.

Damuwata haƙora ce. Ba ni da ko ɗaya a ƙasa: wasu sun tafi tare da ƙashin, sauran an cire su kafin gashi. An yi mini na roba amma ba sa zama, sai yawo suke a baki suna goge mini dasashi, har na ajiye su. Na daina cin abinci tare da iyalina, na kuma roƙi a ɗauke ni daga aji saboda yara ba sa gane maganata sosai. Likitan da ya yi mini aiki ya ce za a iya yi mini dashen haƙori, amma in dakata tukuna. Wani likitan haƙori ya ce kada in kuskura, ƙashin zai iya ruɓewa. Na kuma samu wani wuri da suka ce za su gama mini komai cikin mako guda, ba su ma nemi takarduna ba. Maiɗakina tana tsoron idan aka sake taɓa wurin ciwon zai tashi. Kuma ba zan ɓoye ba, damuwa ta sa na koma shan sigari, kara biyu ko uku a rana, ba wanda ya sani. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ce. Wanda aka yanke wa muƙamuƙi, aka tsaga masa ƙafa, sannan ya yi mako shida yana kwanciya ƙarƙashin na'ura, ba ƙaramin abu ya gani ba. Kada kuma ka bari wani ya ce maka tunda ka tsira da rai, maganar haƙora ta zama neman ƙari. Godiya daban, bukata daban. Tauna abinci da yi wa ɗalibai magana su gane suna cikin lafiyar da aka yi maka duk wannan aiki dominta.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Wurin nan da suka ce mako guda, kada ka sake taka ƙafarka can. Akwai mai lafiyayyen ƙashi da ake kafa wa dashe da safe a ɗora masa haƙorin wucin gadi kafin yamma, wannan gaskiya ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ba su nemi takardunka ba. Duk wanda zai huda ƙashin da aka gasa bai tambayi yawan hasken da ƙashin ya sha ba, to ko dai bai san haɗarin ba, ko ya sani bai damu ba. Ko wanne ne daga ciki, bai cancanci ka buɗe masa baki ba.

Su kuwa likitocin nan biyu, ba su yi nisa da juna kamar yadda ka ɗauka ba. Haɗari ɗaya suke hange. Na farko ya ce a jira a auna shi, na biyu ya ce a kauce masa baki ɗaya. Ni ina tare da na farko, amma sai ka fahimci abin da na biyun yake tsoro, domin tsoronsa yana da tushe.

Abin da ake kira dashen haƙori 'yar ƙusa ce mai murɗi ta ƙarfen titaniyom, tsawonta kamar santimita guda, wadda ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa, daga baya a ɗora haƙori a kanta. Ba kamar ƙusar da kafinta ke bugawa a katako ba ce, wadda matsi kaɗai ke riƙe da ita. Matsin farko na 'yan makonni ne. Abin da ke riƙe ta shekara da shekaru shi ne sabon ƙashi da ke tsirowa ya manne da jikin ƙarfen har su zama abu guda. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya lura da haka a 1952 lokacin da yake bincike a ƙashin zomaye, ya ga ƙarfen da ya sa ya ƙi ciruwa. A 1965 ya fara kafa wa mutum. Ka ga ke nan dukan aikin ya rataya ne a kan ƙashi mai rai, wanda jini ke gudana a cikinsa, mai iya warkewa idan an ji masa rauni.

To wannan ƙarfin warkewa shi ne abin da gashi ke ragewa. Hasken da ya kashe kansar ya bi ta cikin ƙashi da nama masu lafiya kafin ya isa gare ta. A hankali, cikin watanni da shekaru, ƙananan jijiyoyin jinin wurin suna tsukewa, wasu su toshe, nama ya yi tauri kamar tabo. Wani likitan tiyatar baki a Amurka, Robert Marx, ya bayyana irin wannan ƙashi a 1983 da abubuwa uku: jijiyoyin jini sun ragu, ƙwayoyin halittar da ke gyara sun ragu, iskar oksijin ta ragu. Ƙashin yana nan zaune lafiya matuƙar ba a taɓa shi ba. Amma idan aka cire haƙori, ko aka huda shi, ko haƙorin roba ya goge dasashi har ya yi gyambo, raunin zai iya ƙin rufewa. Sai a ga ƙashi a fili cikin baki, fari ko ruwan toka, wata uku ko fiye bai rufe ba, wani lokaci da zogi da mugunya da wari. Wannan shi ne ruɓewar da likitan haƙorin yake nufi. Ta fi kama muƙamuƙin ƙasa, domin ƙashinsa ya fi tauri kuma hanyoyin da jini ke shigarsa ba su da yawa. Idan ta yi tsanani takan kai ga sake yanke ƙashin. Kuma ka riƙe wannan: haɗarin ba ya gushewa don shekaru sun wuce. Duk likitan haƙorin da zai taɓa bakinka daga yau har ƙarshen rayuwa, abin da za ka fara gaya masa shi ne an yi maka gashi.

Sai dai haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa, ba kuma ɗaya ba ne a ko'ina cikin baki guda. Ya danganta da yawan hasken da kowane wuri ya sha. A takardun asibiti za ka ga ana rubuta ma'aunin da Gy. Wanda aka yi wa gashi bayan aikin kansar baki yakan samu tsakanin 60 zuwa 66, ana ba shi 2 kowace rana, kwana biyar a mako, abin da ya yi daidai da mako shidan da ka faɗa. Ƙashin da ya sha ƙasa da 50 haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya haura 60 kuwa, nan ne ake taka-tsantsan ƙwarai. Wannan babban adadi na inda ciwon ya zauna ne. Santimita kaɗan daga nan, ƙashin zai iya kasancewa ya sha rabin haka ko ƙasa. Kafin a fara maka gashi an zana tsarin a kwamfuta, hoton kanka da wuyanka da launuka daban-daban, kowane launi yana nuna yawan hasken da ya sauka a wurin. Wannan taswira tana sashen da aka yi maka gashin. Ka je ka nema, ko ka roƙi likitanka ya rubuta musu. Idan mai tsara dashen ya ɗora ta kusa da sabon hoton ƙashinka, irin na sikanin da ke nuna kauri da tsayi, zai iya cewa nan za a kafa, nan kuwa ba za a kusanta ba. A wurina babu wata takarda da ta kai wannan daraja a hannunka yanzu. Ba tare da ita ba, da mai cewa a yi da mai cewa kada a yi, duk hasashe suke.

Sai ƙashin ƙafar. Siririn ƙashi ne da ke gefen ƙwauri ta waje, wanda ake kira fibula. Ba shi ke ɗaukar yawancin nauyin jiki ba, shi ya sa ake iya yanko har kusan santimita 25 daga cikinsa mutum ya ci gaba da tafiya. Tun da David Hidalgo ya bayyana yadda ake gina muƙamuƙi da shi a 1989, ya zama wanda aka fi amfani da shi. Ana ɗauko shi ne da jijiyoyin jininsa, a ɗinke su da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, saboda haka ƙashi ne mai rai, ɓawonsa mai kauri, kuma yana karɓar dashe da kyau. Amma a naka lamarin an sa shi ne kafin gashi, wato shi ma ya sha hasken, kuma da yake yana zaune daidai inda ciwon yake, mai yiwuwa shi ya fi sha. Bayan haka bai kai muƙamuƙi tsayi ba. Idan aka kwantar da shi a baki, tsayinsa daga ƙasa zuwa sama bai fi santimita ɗaya da rabi ba, kuma akan jera shi ne ta ƙasa don siffar fuska ta fito, sai a bar tazara mai yawa tsakaninsa da haƙoran sama. Haƙorin da zai cike wannan tazara dole ya yi tsawo, dogon haƙori kuwa yana jijjiga saiwarsa idan ana tauna. Akwai kuma ƙarfen da aka ɗaure ƙashin da shi da ƙusoshinsa, waɗanda wani lokaci sai an cire wasu kafin a samu gurbi.

Wani abu da ba a cika gaya wa marasa lafiya ba shi ne maganar nama. Idan an ɗauko ƙashin tare da fatar ƙafa aka shimfiɗa cikin baki, to wannan fata ba dasashi ba ce. Dasashi siriri ne, a manne yake da ƙashi, yana kama wuyan haƙori gam. Fatar ƙafa tana da kauri, tana motsi, kuma idan ƙarfe ya ratso ta takan yi kumburi, wani jan nama mai saurin zub da jini ya tsiro a kewaye. Shi ya sa sau da yawa ake buƙatar ƙaramin aiki na rage kaurinta, ko a ɗebo siririn nama daga ganɗa a dasa a kewayen ƙusoshin, ko a zurfafa kwarin da ke tsakanin leɓe da ƙashi. Mutane da yawa ƙusarsu takan kama sarai, amma naman kewaye ya hana su jin daɗin haƙoran. Ka tambayi wannan tun kafin a fara.

Me ya sa likitanka ya ce ka dakata? Dalili biyu ne. Yawancin masana ba sa kafa dashe kafin wata shida da gama gashi, da yawansu kuma sun fi son shekara ta cika, don nama ya huce daga zafin farko. Na biyu, idan kansar baki za ta dawo, ta fi dawowa cikin shekara biyun farko, kuma likita yana son ya ga wurin a fili ba tare da sabon rauni ya rikita masa gani ba. Kai yanzu wata goma ne, ke nan ka kusa lokacin da za a zauna a yi maganar da gaske. Kuskurensa ɗaya, idan har haka aka yi, shi ne barinka da kalmar dakata babu bayani. In ka koma ka tambaye shi kai tsaye: me muke jira, zuwa wane wata, kuma wa zai tsara haƙoran? Ya kamata a haɗa ka da likitan da ya ƙware a gyaran haƙoran masu ciwon kansa, wanda zai yi aiki tare da mai tiyata da mai gashi. Daga haƙoran ake fara lissafi, a san inda za su zauna, sannan a koma a nemi inda ƙusa za ta shiga.

Ka shirya wa tsawon hanya. Bayan an kafa ƙusoshin akan rufe su a bar su wata uku zuwa shida, a ƙashin da aka gasa kuwa an fi kaiwa shidan. Sannan a buɗe su, a gyara nama in da bukata, a jira ya warke, a ɗauki awo, a gwada, a gyara. Daga ranar farawa zuwa ranar da za ka tauna abu, shekara guda ba abin mamaki ba ne. Na san wannan ba zai yi maka daɗi ba, amma a nan sauri kan haifi nawa. Ka kuma nemi a gaya maka abin da aikin zai ci tun daga farko har ƙarshe, da na kulawar bayansa, don kada kuɗi ya yanke maka a tsakiya a bar ka da ƙusoshi babu haƙora.

Game da nasara, nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna cewa a ƙashin da aka gasa sama da 80 cikin 100 na ƙusoshin suna kamawa su zauna, ko da yake bai kai na ƙashin da haske bai taɓa ba. Ka bambanta abu biyu. Ƙusa ta ƙi kamawa, a cire ta, wurin ya warke, wannan asara ce da ake iya jurewa. Ƙashi ya mutu a kewayenta, wannan shi ne babba, bai cika faruwa ba, amma don kauce masa ake duk wannan bincike.

Za ka iya jin maganar shiga ɗakin iskar oksijin mai matsi, wanda aka daɗe ana ba masu irin larurarka, zama 20 kafin aiki da 10 bayansa. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna HOPON, wanda aka wallafa a 2019, ya kwatanta waɗanda aka sa a ɗakin da waɗanda ba a sa ba, ya samu mutuwar ƙashi kusan 6 cikin 100 a kowane ɓangare. Don haka idan ba a samu wannan ɗaki ba, kada ka ɗauka ƙofa ta rufe.

Yanzu maganar uwargida. Tsoronta na ƙauna ne, kada ka yi mata dariya ko faɗa. Ka gaya mata dashe ba ya tayar da ciwon kansa. Irin wannan ƙarfe yana cikin muƙamuƙinka tun ranar da aka yi maka aiki, shi ke riƙe da ƙashin ƙafar. Ba ya kuma hana ɗaukar hoton MRI. Amma akwai ƙamshin gaskiya a damuwarta ta wata fuska: kumburin da ke fitowa a kewayen dashe zai iya kama da ciwon da ya dawo, ciwon da ya dawo kuma zai iya ɓuya a ɗauka kumburin dashe ne. Saboda haka duk gyambo, ko ƙullutu, ko jan nama da ya wuce mako biyu zuwa uku bai tafi ba, likitan ciwon kansa za a kai wa, in ya ga dama ya yanki ɗan kaɗan a gwada. Ka tafi da ita ranar ganin likita, ta yi tambayarta da bakinta. Abin da ta ji da kunnenta ya fi abin da za ka kawo mata labari.

Malam, sai sigari. Na gode da ka faɗa, domin da ka ɓoye, da duk shawarar nan ta tashi a banza. Ba zan yi maka wa'azi ba, ka fi ni sanin abin da ta jawo. Amma ka dubi lamarin ta fuskar ƙashin nan. Matsalarsa ƙarancin jini ce da ƙarancin oksijin. Nikotin ɗin da ke cikin sigari yana ƙara tsuke jijiyoyin da suka riga suka tsuke, hayaƙin kuma yana rage oksijin ɗin da jini ke ɗauka. Kara ukun da wani zai ga ba komai ba ne, a bakinka suna sauka ne kan ƙashin da ba shi da rarar da zai bayar. Suna ƙara yiwuwar ƙusa ta ƙi kamawa, suna ƙara yiwuwar ƙashi ya mutu, suna kuma buɗe ƙofa ga sabuwar kansa a baki ko maƙogwaro ko huhu. Likitoci da dama ba za su yarda su kafa wa mai shan taba dashe a ƙashin da aka gasa ba, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ka gaya wa likitanka. Ba kai ne na farko da ya koma ba, ba zai kore ka ba, kuma akwai magunguna da abin mannawa a fata da ke rage ƙishirwarta. Ka gaya wa uwargida ma. Abin da ake yi a ɓoye ya fi wuyar bari. Kuma tunda ka ce damuwa ce ta mayar da kai, to ita ma damuwar a faɗe ta a asibiti. Ƙuncin rai bayan irin wannan jinya abu ne sananne, ana kuma maganinsa. Idan kana taɓa barasa, hukuncinta ɗaya da sigari. In kana da ciwon suga a daidaita shi kafin aiki, in kuma an taɓa ba ka maganin ƙarfafa ƙashi, na sha ko na allura, lallai ka ambata.

Wane irin haƙori za ka nema? Kusan kowa yana zuwa ne da burin wanda aka kafe, ba a cirewa. Ni da za ka bi tawa, ka buɗe zuciyarka ga wanda ake cirewa amma yana maƙale da ƙusoshi. Siffarsa kamar na robar da ka ajiye, sai dai a ƙarƙashinsa akwai maɓallai ko sandar ƙarfe da yake kamawa, ka danna shi ya ce ƙyas, ya zauna ba motsi. Tun 2002 wani taron masana a Jami'ar McGill ta Kanada ya amince cewa ga wanda ba shi da haƙoran ƙasa, irin wannan a kan ƙusa biyu shi ne abin da ya kamata a fara ba shi. Ga wanda aka yi wa gashi akan fi son huɗu idan ƙashi ya ba da dama, don nauyin tauna ya sauka kan ƙarfe maimakon dasashi mai rauni. Amfaninsa gare ka a bayyane yake: da dare ka cire ka wanke, ka goge kewayen kowace ƙusa da ɗan siririn buroshi, likita kuma ya cire ya ga ko'ina a duk zuwa. Yana kuma cike gurbin naman da aka rasa, ya tallafi leɓe. Wanda aka kafe ya fi daɗin ji a baki, amma wanke ƙarƙashinsa aiki ne, balle ga bakin da ya bushe kuma ba ya buɗuwa sosai.

Akwai abin da nake so ka ji tun yanzu don kada ranar da aka sa haƙoran ranka ya ɓaci. Jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji tana bi ne ta cikin ƙashin da aka yanke, don haka idan gefen hagu ba ya ji, dashe ba zai dawo da shi ba. Ba zai dawo da yawu ba. Magana da haɗiya kuwa aikin harshe ne fiye da na haƙora. Idan aikin ya taɓa harshenka ko ya ɗaure shi da tabo, haƙora za su taimaka, za su tsayar da leɓe su rage dalalar yawu su gyara wasu haruffa, amma ba su kaɗai za su mayar da kai gaban allo ba. Mai koyar da magana da haɗiya shi ne mutuminka a nan, kuma ba sai an jira dashe ba. Ka nemi a tura ka wurinsa a wannan watan.

Watannin jiran nan ma akwai aikin da za ka yi da hannunka. Ka tsaya gaban madubi ka jera yatsu uku a tsaye, manuniya da na tsakiya da na kusa da shi, ka ga ko za su shiga bakinka. Gashi yana sa naman tauna ya ƙage, kuma buɗewar da ta gaza milimita 35 ana ɗaukarta matsala. Idan baki bai buɗu ba, kayan aikin likita ba za su shiga ba, haƙoran ma ba za su shiga ba. Ana motsa shi kullum, sau da yawa a rana, a hankali ba da ƙarfi ba. Wasu asibitocin suna ba da 'yan itatuwan nan na danne harshe, a jera su a sa tsakanin muƙamuƙai, ana ƙara ɗaya bayan 'yan kwanaki. Ka bari a nuna maka yadda ya dace da bakinka kafin ka fara, tunda ba ka da haƙoran ƙasa da za su tokare.

Haƙoranka na sama kuwa ka riƙe su da hannu biyu. Yawu ne ke wanke haƙori yana kare shi, idan ya ƙafe sai ruɓa ta kama wuyan haƙora da sauri, ta zagaye su. Kowane ɗaya da ya lalace har aka ce a cire, sabon haɗari ne. Man goge baki na yau da kullum yana da fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓa, tsakanin 1,000 zuwa 1,500 a ma'auninsa. Akwai mai 5,000 da likita ke rubuta wa masu irin larurarka, ka tambaya. Ka riƙa kurɓar ruwa, ka guji tsotsar kayan zaƙi don jiƙa baki, ka guji ruwan kurkure baki mai barasa a ciki. Ajiye haƙoran robar da ka yi daidai ne tunda suna goge ka, amma ka mayar wa wanda ya yi su. Wani lokaci akan shimfiɗa musu abu mai laushi a ciki su zauna na ɗan lokaci, ko don fita cikin mutane. Ka kuma riƙa hawa sikeli, domin jikin da ke ramewa ba ya warkar da rauni.

Idan bayan an duba taswira da hoto aka ce ba inda ya dace a huda, ka karɓa. Wani lokaci ana samun wuri biyu kacal a gefen da haske bai yi wa yawa ba, su ma suna riƙe haƙori. Wani lokaci gyaran nama kaɗai yake sa na roba ya samu wurin zama. Kana da damar neman ra'ayin wata cibiyar da ke yawan yin irin wannan aiki, muddin ka tafi da takardunka cikakku.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi taɓa ni a wasiƙarka, cin abinci kai kaɗai. Idan ka ce sai haƙora sun zo za ka koma cikin iyalinka, shekara guda ko fiye za ka ƙara a ɗaki. Su ne suka yi jinyarka, sun ga bakin nan lokacin da yake da ɗinki da robobi, ba abin da za su gani yanzu da zai girgiza su. Ka fara da uwargida kaɗai, sau ɗaya a rana, da abinci mai laushi da ɗan ƙyalle a hannu saboda gefen da ba ya ji. Bayan mako guda ka kira yara. A makaranta ma kada ka yanke ƙauna da aji. Ka nemi a ba ka ƙaramin rukuni na manyan ɗalibai, ka riƙa magana a hankali kana taimaka wa kanka da allo, da kwalbar ruwa a gefenka. Harshen da ake aiki da shi kullum ya fi saurin sabawa da sabon bakin da ya samu kansa a ciki.

Ka gaishe da uwargida, Allah ya saka mata da alheri, kai kuma ya cika maka lafiya.